Katakon Rumfunanmu

Shagonmu yana bakin babbar kwatar nan da ke tsakanin Nima da Maamobi, a birnin Accra. In aka yi ruwan sama sai mun ɗaga katako mun ɗora bisa duro, in ba haka ba da safe mu tarar da shi ya sha ƙazanta. Mu biyu ne a ciki: ni kafinta, mijin ƙanwata mai fenti. Ni iyayena 'yan ƙasa ne, daga Salaga ta arewa suka gangaro. Shi kuwa a Maamobi aka yanke masa cibiya, amma mahaifinsa Bakatsine ne, ɗan fataucin goro da ya zo bai koma ba. Shi ya sa Hausarsa ta fi tawa tsabta. In na ce masa ƙanwata "ya tafi kasuwa", sai ya ajiye buroshi ya ce, "Yaya, ni dai mace kuka ba ni."

Da farko benci muke yi da allon shago. Bayan samun 'yanci aka shiga yayin baje koli, kowane kamfani yana son rumfar da zai jera kayansa mutane su zo kallo. Wani Kwara, Balarabe mai sayar da atamfa, ya fara sa mu, muka yi masa rumfa mai kyau, ana tashi daga taron aka farfasa ta aka yi girki da ita. Abin ya ci wa surukina rai. Shi ya kawo shawarar mu riƙa yin alluna masu haɗuwa da noti, mu ba da haya, in an gama mu kwance mu dawo da abinmu. Allon da ya ɗauki hoton sabulu wannan wata, wata mai zuwa a shafe shi ya ɗauki keken ɗinki.

Kafin in taɓa zarto, sai ya zana rumfar a daɓen shago da gawayi. Ya fita waje, ya sake shigowa yana dube-dube kamar baƙo.

"Mutum in ya shigo, hannun dama yake fara kallo," in ji shi. "Sa rediyon a nan. Kantar nan kuma rage mata tsawo, mata ne za su leƙa."

Lokacin babban baje kolin da aka yi a bakin teku, rumfunanmu sun yi yawa har na daina gane wasu. Ƙanwata ta sa sabon zane ta hau turoturo, motar haya, ta zo. Ta tsaya gaban wani allo da mijinta ya zana mace riƙe da kwanon madara, ta daɗe, ta ce hancin nata ne ya sata. Bayan taron kaya suka fi ƙarfin shago, muka kama ɗaki a Kotobabi muka jibge su har rufi. Muna ganin mun kafu ke nan.

Ana cikin haka rediyo ya faɗi cewa duk baƙon da ba shi da takardar zama ya bar ƙasar, wa'adin kuma gajere. Surukina dariya ya yi, ya ce shi ko hanyar Katsina bai sani ba. Da ya ga makwabta na ɗaure kaya, ya je ofishin da ake ba da takarda. Layin ya zagaye gini ya fita titi. Ya yi ta komawa. Ranar da ya kai ga tebur aka tambaye shi shaidar haihuwa, ya ce unguwarzomar da ta karɓe shi ta rasu, amma duk Maamobi sun san shi. Aka tambayi garin ubansa. Ya faɗi gaskiya, aka hana shi takardar.

Zango, unguwar tamu, ya koma kasuwar gwanjo. Gado, tukwane, awaki, kowa na sayarwa, mai saye sai ya ga dama. Abin da ya yi wuya shi ne akwati, domin direbobi sun ƙi ɗaukar kaya a warwatse. Wata tsohuwa mai koko da ke bayanmu ta zo ta ce mu haɗa mata ko ƙarami ne. Na ce babu katako.

"Akwai a Kotobabi," in ji surukina.

"Waɗancan ba na yanka ba ne. An ce badi za a sake taro."

"Wa zai yi maka fentin, Yaya?"

Ya sa aka turo allunan a kura, ya ɗauki zartona da kansa. Bai iya ba. Layin ya karkace, haƙorin zarto ya kama masa yatsa, jini ya ɗiga a kan fenti. Na karɓa.

Haka muka yi ta yanka. Mutane suna tsaye a bakin kwata suna jira. Ban ko tsaya goge fentin ba, kowa ya ɗauki akwatinsa da guntun hoto a jiki: wannan rabin fuska, wancan tayar mota. Wanda ya ba da wani abu muka karɓa, wanda bai ba da ba muka ce Allah ya kiyaye hanya.

Ƙanwata tana da tsohon ciki a lokacin. Ita dokar ba ta shafe ta ba. Na same ta tana naɗe tabarma na ce ta zauna ta haihu a gabana, in ya sami wuri sai ya aiko.

"Yaya, a can wa ya sani?" ta ce. "In na bar shi ya tafi shi kaɗai, ko ruwan alwala ba mai miƙa masa."

Shi ma ya roƙe ta, ta ƙi. Akwatinsu ne na ƙarshe da na haɗa, na sa masa ƙusa fiye da kima. Na raka su tasha a Circle da hantsi. An cusa mutane a bayan babbar mota, wasu a kan kaya. Na ba yaron mota haƙuri ya bar ta kusa da ƙofa don ta sami iska. Surukina ya miƙo mini buroshinsa a ƙunshe cikin tsumma, ya ce zai yi musu nauyi. Ba shi da wani nauyi.

Sai da aka yi watanni direban motar ya dawo, ya neme ni a shago. Ya ce an tsare su a bakin iyaka, a fili, ba inuwa, ruwan sha sai an saya. A nan naƙuda ta kama ƙanwata. Matan motar suka kewaye ta da zannuwa. Ta haifi 'ya mace, jini ya ƙi tsayawa. A gefen hanya suka binne ta, shi direban yana cikin waɗanda suka yi mata salla.

Na koma yin benci. Da wani ma'aikacin kamfani ya zo neman rumfa, na nuna masa shagon wani kafinta a Kotobabi.

Daga baya wani ɗan goro ya ce ya ga surukina a Katsina yana rubutu a jikin manyan motoci, ya rame, ba ya son a yi masa zancen Accra. Yarinyar ta rayu, tana hannun wata gwaggonsa. Na sha cewa in an sha ruwa zan je in gan ta. Har yau ban je ba.