Lawal Mai Dish da akwati mai ƙaho huɗu

Ina ɗaga ƙofar shago da safen nan aka ce min Lawal Mai Dish ya rasu. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Kafin ku cika ni da tambaya: a'a, ba a hanya ba ne. Zazzaɓi ne, a kan gadonsa, a gaban matarsa. Duk wanda na faɗa wa sai ya sauke numfashi ya ce, "To, alhamdulillahi." Inda muka kai ke nan a Birnin Gwari. Wallahi na gaji.

Wanda bai san shi ba, shi ne dogon nan mai ɗaure tsani a bayan mashin. Dish, sola, intanet, duk shi ne. Tsofaffin unguwa har rediyo suke kai masa, ya gyara, ya haɗa musu da batir.

Shi ya ja min kebul tun farko, daga eriyar kan rufi zuwa wani ɗan akwati, daga nan zuwa kwamfutocin shagona da ke ƙofar gida, ɗaya ya ratsa zaure har ɗakina. Abu na tafiya lafiya, sai maiɗakina ta ce ita wayarta ba ta da ramin kebul, kuma ba za ta riƙa fitowa shago tana gaisawa da yayarta a gaban kwastomomi ba.

Da na shiga Kaduna saro kaya sai na tsinci rauta ta hannu, akwatin nan da ke watsa intanet ba kebul, baƙa, mai ƙaho huɗu. Na yi ciniki har mai shagon ya tambaye ni ko muna da tsohuwar gaba. Na dawo na ce wannan ai ba sai an kira injiniya ba. Na cusa kebul a ramin da ya fi kusa da hannuna.

Komai ya tsaya cak.

Lawal ya zo, ya leƙa bayan akwatin, ya yi dariyar nan tasa ta hanci. "Alhaji, ciyaman biyu ka naɗa a ƙaramar hukuma ɗaya. Tsohon akwatinka na raba wa kwamfutoci lamba, sabon ma na rabawa. Wa za su bi?" Ya hana sabon rabo, ya mayar da kebul inda ya dace, ya kafe akwatin sama wajen tagar zaure don ya kai cikin gida.

Ya ce a sa faswod. Na ce a bari tukun, unguwa ta san na ci gaba.

Ta kuwa sani. Kullum da yamma samari sun jeru jikin katangata, kowa kai a sunkuye, ba mai magana. Ga ƙahoni ta taga, ga 'yan fitilu na ƙyafce. Sunan da ke fitowa a wayoyin mutane kuma wasu haruffa ne da lambobi da ba mai iya karantawa.

A wani gari wannan abin dariya ne. A nan, sati bai zagayo ba aka fara cewa na kafa na'urar magana da daji.

Bayan la'asar 'yan sa-kai suka yi min sallama. Babbansu dattijo ne, a wurina yake cajin waya. Ran nan bai amsa gaisuwata ba. Ya nuna taga da baki. "Alhaji, da wa kake magana da wancan?"

Ni da ba a taɓa ƙure ni a kasuwa ba, sai ga ni ina kame-kame. Kun sani, na sani: wanda aka kira infoma a garin nan, ko an wanke shi ba mai sake sayen kati a hannunsa. In ma an tsaya wankewar.

Ban aika wa Lawal ba. Labari ya ji, ya baro aiki a kan rufin wani, ya zo hannu duk baƙin mai.

Ya durƙusa ya gaida dattijon. "Baba, ni na haɗa. Ba ya kai ko bakin kasuwa, balle daji. Riƙe wayarka mu taka." Suka taka tare, mutane na biye, har alamar ta ɓace kafin masallacin unguwa. Suka dawo. Dattijon bai ce ya gamsu ba. Ya ce to waɗancan lambobin fa?

Lawal ya zauna gaban kwamfuta ya goge su. Ya rubuta: Lawal Mai Dish Ne Ya Haɗa. Ya sa faswod. Ya ce, "Duk mai tambaya ya san shagona."

Da suka watse na ce, "Lawal, kana da yara. Sunanka fa ka rataya."

Ya ce, "Ni ba gidan da ban hau rufinsa ba. Kai kuwa bakinka ya tara maka maƙiya." Ko ruwa bai tsaya sha ba.

Daga ranar maganar ta mutu. Dattijon ya dawo cajin waya.

Ganinmu na ƙarshe ranar kasuwar da ta wuce ne, wajen mai tsire. Ya rame, na ce ko azumin nafila ya fara. Ya ce, "Akwatin na numfashi?" Na ce ƙalau. Ya ce, "To ka daina rataya masa hula a ƙaho." Ya tura min ragowar tsirensa, wai ba ya jin daɗin baki.

Yanzu muka dawo daga maƙabarta. Ina shiga zaure wayata ta kama sunansa da kanta. Wani maƙwabci ya ce ya kamata a canza, ba daɗi sunan mamaci na fitowa a wayar mutane. Na ce ban iya ba. Ko na iya ma, ƙarƙashinsa nake kwana.

Allah ya jiƙan Lawal, ya yalwata masa kabari, ya tsaya wa yaransa yadda ya tsaya min. Wanda ya karanta, kar ya tsaya a danna alama. Ka yi masa addu'a da bakinka.