Fasinjan da Ba Ya Son Mota Ta Cika

A tashar Dutse, cikin motar Miga, akwai wani saurayi siriri a kujerar baya, hula a karkace, kwamfuta a cinya. Direba na kiran sa Tasi'u. Kowa ya ƙosa mota ta cika a tafi, ban da shi.

Daga ƙunƙunin da yake yi, manhaja ya rubuta wa wani asibitin ƙauye. A kwamfutarsa tana aiki lafiya lau, amma tsarin tasu daban ne, kuma duk sanda ya ce kwamfutar ta haɗa musu wadda za ta dace da tasu, sai jan rubutun kuskure ya zubo kamar biron malamanmu na dā a takardar jarrabawa. Fayil ɗaya ne ya rage masa ya gyara matsalar, yana saukowa daga intanet a hankali. In mota ta bar gari, sabis ya tafi ke nan, ga likita can yana jira.

Saura mutum ɗaya. Wani dattijo ya leƙo da buhun gero.

"Baba, da kun jira ta gaba," in ji Tasi'u cikin ladabi, murya ƙasa-ƙasa. "Kujerar nan akwai ƙusa."

Dattijon ya sa masa albarka ya ja baya.

Can fayil ɗin ya gama sauka, sai Tasi'u ya danna, ya rintse ido, ya buɗe ɗaya. Babu ja. Ya zura kai ta taga har hula ta faɗi.

"Miga, mutum ɗaya! Baba, ku taho, ƙusar ta kwanta! Direba, wai me muke jira ne tun ɗazu?"