Kalandar Maigidana

Ina cikin takaba wasu ma'aikata suka yi sallama a zaurenmu a Jega. Suka ce gwamnatin jiha ta ba da tallafi a tsara inda za a riƙa tace ruwan ƙazantar unguwa. Maigidana suke nema, don shi ya daɗe yana yashe kwatocinmu.

Daga bayan ƙyaure na ce, "Ya rasu."

Babbansu ya ce, "Allah shi jiƙan shi, Inna. To wa ya san inda ruwan ke bi?"

Maigidana ya zana kowace kwata a bayan wata tsohuwar kalanda da ke rataye a ƙusa a ɗakina, kuma ita kaɗai ce rubutun hannunsa da ya rage mini. Na daɗe riƙe da ita, sannan na miƙa musu.

Har yau ban rataya komai a ƙusar ba.