Bayan da Bai Rufe Ba

Shekarar da ruwan madatsar Bakolori ya cinye gonarmu ta Maradun, na samu aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wata jami'a. Kiwon fararen ɓeraye aka ba ni. Maiɗakina da Inna na bar su Talata Mafara, gidan kawuna.

Malamin da nake yi wa aiki yana bincike ne kan wani sinadari dangin bitamin A. In macen ɓera ta kwana takwas da ciki, sai in riƙe ta a ƙeya, shi ya ɗura mata. Bayan 'yan kwanaki mu buɗe cikin. 'Yan tayin ba su fi ƙwayar wake ba. Wasu lafiya lau, wasu kai a buɗe ƙwaƙwalwa waje, wasu kuma ƙasan baya ne bai haɗe ba. Ya ce laka a shimfiɗe take farawa, sannan ta naɗe ta rufe. In sinadarin ya yi yawa ko ya gaza, sai rufewar ta ƙi. Ni dai jerawa nake a kwalabe.

Ana haka aka aiko mini maiɗakina ta sauka. Na iso ranar kasuwa.

Muka gaisa da Inna, gaisuwa mai tsawo, har malamina ta tambaya. Sannan ta ja ni ɗaki, ta kife jaririyar a cinyarta. Wani ƙullutu ja mai ruwa-ruwa a ƙasan bayanta. Ƙafafun ba sa motsi.

"Kai da ka zama cikin masu ilimi," in ji Inna, "mi ne ne wanga?"

"Bayan ne bai rufe ba, Inna."

"Mi ya hana shi?"

Na ce ban sani ba. Ban ji komai a raina ba. Na dai lura idona na auna tsawon wurin, yadda ya saba.

A asibiti suka rufe da auduga, suka ce mu kai ta gaba, babban asibiti. Ba ta kai ga tafiyar ba. An raɗa suna, ta ƙara kwana huɗu. Ni na ɗauke ta a hannu zuwa maƙabarta, na dawo na ci tuwo.

Da na koma aiki na tambayi malamin ko wani abu maiɗakina ta ci. Ya ce ɓera ba mutum ba ne, ba zai faɗa mini abin da bai sani ba. Ya yi mini ta'aziyya, ya ce in je in huta mako guda. Na ce ba sai na huta ba.

Maiɗakina ta haifi uku bayan ita, duk lafiya. Ba mu taɓa yin zancen ta farin ba, ni da ita, har ta rasu.