Igiyar da na ɗaura wa motar Yaya Buba

Shekara bakwai ke nan da muka kai Yaya Buba makwancinsa, amma har yau in tsohuwar mota ta wuce ta ƙofar gidanmu a Pumpumre sai na kasa kunne, kamar zan ji ya faɗi ciwonta. Yana zaune da kofin shayi zai ce, "Waccan mai ya yi mata yawa," ko kai bai ɗaga ba. Wana ne uwa ɗaya uba ɗaya, bakanike tun yana saurayi a nan Garwa. Ni kuwa akawu na yi har na yi ritaya, farcena bai taɓa sanin baƙin mai ba.

Shi ya fara taron tsofaffin motoci a filin bakin Binuwai, Lahadin farko bayan babbar sallah. Dokokinsa biyu ne kacal. Mota da ƙafarta za ta zo, ba a jawo ta, ba a ɗauko ta. In ta iso kuma a ɗaga kapo, wato murfin injin, a bar makulli a jiki. Kowa na iya leƙawa, ya shiga ya zauna, ya tayar ya ji kukanta. Masu kifi daga Tibati su zo da a-kori-kurarsu tana ƙamshin banda, direbobin Marwa su zo su yi ta gardama a kan inji har muryoyi su dashe. Wurin ba masaka tsinke. In aka ce masa za a lalata masa farar motarsa ƙirar 404, sai ya yi dariya ya ce ai masu gyara ne suka kewaye ta.

Bara da na je, kujerun roba sun fi mutane yawa. An kafa rumfa, ana ta jawabi da Faransanci, ga manyan motoci masu baƙin gilashi kowace a rufe ruf, an zagaye ta da igiya. Kwamitin taron ya zauna kwanan nan ya ce in bana ma haka aka yi, a nan za a naɗe tabarma. Wani ya ce a kawo makaɗa, wani ya ce a yi shela a rediyo, wani ya ce a gayyato babban baƙo. Laifi kuwa an ɗora shi kan matasa da wayoyinsu. Ina zaune ina jin su, alhali na san wanda ya kashe taron nan. Ni ne.

A taron farko bayan rasuwar Yaya, na wanke motar, na goge ta, na tuƙa ta zuwa filin. Ban gama fita ba wani ya shige ya zauna a kujerarsa, daidai inda jikinsa ya lotsa ta. Zuciyata ta kasa ɗauka. Na aika kasuwa aka sayo shuɗiyar igiya, na kafa turaku huɗu, na rufe kapo, na jefa makulli a aljihu. A ganina girmama shi nake yi.

Ana haka Dawuda ya iso daga coci. Mutumin duwatsun Mokolo ne, gareji ɗaya suka koyi aiki da Yaya, kwano ɗaya suka ci shekara da shekaru. Ya tsallake igiyar ba tare da ya lura da ita ba, ya kai hannu zai ɗaga kapo. A gaban jama'a na ce, "Dawuda, don Allah a kalla da ido."

Ya dubi hannunsa, ya goge a wando, ya ce, "To, Misye Isa." Mutumin da tun ina makaranta ƙane yake kirana, yau ya koma yi mini kiran girmamawa na Faransanci kamar baƙo. Daga ranar bai sake taka filin ba.

Da shekara ta zagayo, kowane mai mota ya zo da igiyarsa, tunda ai motar mai taron ma an yi mata. Makanikai suka ga ba abin da za su taɓa, suka daina zuwa. Direbobi suka rasa abokan gardama, suka bi su. Wa zai bar gidansa da tsakar rana ya zo kallon fenti? Da Yaya zai leƙo yau, ba na jin zai yi faɗa. Tambaya zai yi ko gawar wa ake jira, kuma ni zai kalla.

Motar ma na daina fita da ita. Na lulluɓe ta da tamfol, duk Juma'a in goge ta, ba na tayar da ita don tsoron kada wani abu ya same ta. Da na ji maganar kwamiti na sa sabon batir, na murɗa makulli. Ko tari ba ta yi ba. Makanikai biyu na kira, duka suka ce injin ya kame, kuma in ba Dawuda ba babu mai iya masa a garin nan. Shugaban kwamiti ya ce a jawo ta kawai, ba wanda zai tanka. Na ji kamar ya mare ni, don dokar da ta rage ke nan ban karya ba.

Makon jiya na sami Dawuda a gindin darbejiyar ƙofar gidansa. Ya tsufa, ido ɗaya ya yi yana. Na miƙa masa makulli, bai karɓa ba.

"Shekara nawa rabon da a tayar da ita?"

"Huɗu."

Ya ce, "Igiyar fa?"

"Tana gida."

"Ka kai ta filin, ka yanka ta a inda ka ɗaura ta, a gaban mutane. Sannan in duba motar."

Na ce ai in bai duba ta yanzu ba, ba za ta halarci taron ba.

"Eh, bana ba za ta je ba," in ji shi. "Kai za ka je."

Shekara bakwai ina gadin ƙarfe, ina zaton Yaya nake riƙewa. Ashe abin da ya saura nasa yana hannun mutumin da na kora, da kunnuwan direbobin da suka gaji da kallo daga nesa. Ga shawarata ga kwamiti, ba sai an kira makaɗi ba: a ɗaga kapo, a bar makulli a jiki.

Ranar taro zan tsaya a gurbin da farar motarsa ta saba tsayawa, da shuɗiyar igiya da wuƙa. Abin da ke hana ni sukuni ɗaya ne. Dawuda ya ce a gaban mutane, ni kuwa ban sani ba ko na bar wanda zai zo ya gani.

Allah ya jiƙan Yaya Buba, ya yafe wa ƙanensa.