Fensir, Mutumin da Ya Auna Matakala da Makara

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, da hantsi, babban ɗanka ya kira ni a waya. Bai tsaya dogon bayani ba. Ya ce, "Baffa, Baba ya cika." Na ce na Allah ne mu, kuma wurinSa za mu koma, na ajiye wayar a kan gwiwata. Matata tana kan kekenta na marasa lafiya a bakin taga. Ta dubi fuskata ta gane. Ita ta fara yi maka addu'a.

Fensir muke ce maka tun muna makarantar koyon zanen gine-gine, saboda ba a raba bayan kunnenka da shi, har a sahun salla. Tare muka fita, da takarda iri ɗaya da buri iri ɗaya. Ni na shiga aikin ofis. Na zana makarantu da asibitoci waɗanda suka tsufa a cikin durowa, wasu kuma aka gina rabinsu aka yanka ƙyalle aka tafa. Na yi ritaya da ciwon baya da ɗacin baki. Kai ka ci gaba da zana wa mutane gidaje, kana jayayya da birkiloli da masu gida kamar jiya ka fara, kamar ba ka san yadda duniya take ba. Ka sani sarai. Ka dai ƙi yarda ta canza ka.

Lokacin da ɓarin jikin matata ya shanye, na daina fita. Abokai suka zo dubiya na 'yan makonni, daga nan ƙafa ta ɗauke. Kai ne ba ka ɗauke ba. Wata safiya ka tsaya da tsohuwar motarka a ƙofar gida ka ce in sa takalmi. Wani mai kamfani ya ba ka zanen bene mai hawa takwas, irin wanda ake raba shi gida-gida kowa ya sayi nasa, kuma kai za ka yi masa kwalliyar ciki.

Na ce, "Me zan je in yi a can?"

Ka ce, "Zagi. Duk garin nan ba wanda ya kai ka iya zagin gini, kuma kyauta kake yi."

Matata ta ce, "Don Allah tafi da shi, ko na huta."

Ka ce, "Matarmu, ai saboda ke na zo."

Haka na riƙa bin ka wurin aikin, na kuma ga yadda kake zane. Sauranmu muna farawa ne daga fuskar gini, abin da mai wucewa a titi zai gani. Kai kana farawa daga mutumin da zai tashi da safe a ciki. Ina zai ajiye takalmi in ya shigo? In baƙi suna falo, matar gida za ta iya zuwa kicin ba ta ratsa ta gabansu ba? Hayaƙin girki ta ina zai fita? A kowane banɗaki ka zana ɗan wurin zama da famfo a ƙasa don alwala, ka ce ka gaji da ganin tsofaffi suna ɗaga ƙafa cikin kwamin wanke hannu kamar masu wasan motsa jiki. Ka zaɓi tayil mai kaushi wanda ba ya santsi in ya jiƙe. Ka sa tagogi suna kallon juna don iska ta ratsa ko babu wuta. Na ce maka babu mai saye da zai lura da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Ka ce in bai lura ba, ai aiki ya yi kyau ke nan.

Sai maganar matakala ta taso, wadda saboda ita nake wannan rubutu.

Mai ginin ya riga ya sayo lif, na'urar hawa da sauka, ƙarama wadda mutum huɗu ke cika ta a tsaye. Ba yadda za a yi mutum ya shiga cikinta a kwance. Saboda haka ka faɗaɗa matakala, musamman dandamalin da ke tsakanin hawa da hawa, inda ake juyawa. Da mai ginin ya ga an fara ɗora bulo, sai ya ce wannan asarar fili ce. A matse dandamalin, a ƙara wa falon kowane gida, a kuma buɗa zauren shiga don ya ɗauki bangon madubi da dutsen mabul. Ka yi masa bayani a kan takarda, ya ce ya ji. Ka sake yi, ya ce gininsa ne.

Washegari ka je masallacin unguwa ka ari makara. Ka sa birkila ya jera bulo a kan dandamalin hawa na biyu daidai inda mai ginin yake so bango ya tsaya. Ka kira leburori shida, ka cire takalmi, ka kwanta a ciki, ka ce su sauko da kai. Ina tsaye ina kallo. Da suka zo juyawa makara ta ƙi. Suka ja baya, suka karkata ta, na gaba suka ɗaga, na baya suka durƙusa, kanka ya yi ƙasa ƙafafunka suka yi sama. A daidai lokacin mai ginin ya shigo da wasu masu son saye, miji da mata, da yarinyar da ke yi masa talla.

Ya ce, "Injiniya, gidaje nake sayarwa ko maƙabarta?"

Ka amsa daga cikin makarar, kana riƙe da gefenta kada ka zame. "Ranka ya daɗe, duk wanda ka sayar wa sama, wata rana a kwance zai sauko. Ko mara lafiya, ko mai naƙuda, ko gawa. Ni hanya kawai nake nema masa."

Matar nan ta ja hannun mijinta suka fita. Mai tallar ta bi su da gudu. Leburori suna ta ƙunshe dariya, ɗaya ya ce, "Oga, mu sauke ka ko mu wuce da kai?"

Ka ce ba za ka sa hannu a zanen da aka matse ba, kuma ba tare da sa hannunka ba aikin zai tsaya. Mai ginin ya bar maka matakalarka. Amma bai yafe ba. Ya karɓe kwalliyar ciki daga hannunka ya ba wani ɗan ƙanwarsa da ya dawo daga karatu da hotuna cike da waya. Wannan ya cire wuraren alwala, ya ce ba a yayinsu. Ya shimfiɗa farin tayil mai sheƙi wanda ɗigon ruwa ke mayar da shi tarko. Ya sauko da silin ya cika shi da ƙananan fitilu masu canza launi, ya rataya wata ƙatuwar fitila mai rassa a zauren shiga, ya shafa ruwan zinari a ƙarfen dafawa. Aka saye gidajen kaf kafin fenti ya bushe. A allon da aka kafa a bakin ƙofa akwai sunan mai ginin da na ɗan ƙanwarsa. Naka babu. Na ce maka, "Ban gaya maka ba?" Ka ce, "Ka gaya mini. Matakala dai tana nan."

'Yarmu ce ta saya mana gida a hawa na shida, don tsohon gidanmu ya fara zubewa a kanmu. Ta zo wurinka ta ce, "Baffa, Mama fa?" Shi kaɗai ne gidan da ka gama da hannunka a ginin nan, kuma ka ƙi a yi maganar lada. Ka faɗaɗa ƙofofi don keke ya wuce. Ka cire tudun bakin banɗaki. Ka kafa ƙarfen dafawa a inda hannunta mai lafiya zai kai. Ka ari kekenta ka zauna a ciki ka zagaya ɗakuna, sannan ka sa aka sassauko da tagar falo, don ka lura wanda ke zaune a keke sararin sama kawai yake gani. Ta tagar nan take kallon titi yanzu, ta san motar kowa, ta san wanda ke dawowa gida a makare.

Ranar da muka tare, ta leƙa cikin lif ta ce mini, "Malam, in na mutu kada ku jingine ni a cikin akwatin nan a tsaye kamar katifa." Na ce akwai matakala. Ta ce a kai ta ta gani. Ta daɗe tana kallon dandamalin, ta ce to.

Bara da rana tsaka ciwon ya sake bugun ta. Babu wuta, janareto kuma an kwance shi ana gyara. Ko da akwai wutar ma, ma'aikatan asibiti sun ce ba za a zaunar da ita ba. Maƙwabta suka kama gadon ɗaukar marasa lafiya, ina biye da su ina riƙe da ledar ruwan da aka sa mata. Tun daga hawa na shida har ƙasa ba a karkata ta ba, ba wanda ya ce a ja baya, kanta bai taɓa bango ba. Ta rayu. Da bakinta ya dawo ta ce in gaya maka ko gargada ba ta ji ba. Ka ce, "Gaya wa matarmu ni na fara gwada mata hanyar."

Cikin waɗanda suka ɗauke ta ranar, ba wanda ya tambayi wa ya zana wurin. Ban yi mamaki ba.

Abin da ya biyo baya ka san farkonsa, ba ka san ƙarshensa ba. Kwamitin masu gidaje ya dubi dandamalin nan ya ga fili yana zaune a banza. Gidajen ba su da ɗakin ajiya, don ɗan ƙanwar mai gini ya mayar da shi wurin jera takalma mai fitila. Sai aka kawo shawara a kafa kabad na katako a kowane dandamali, daga ƙasa har sama, kowa ya sami inda zai zuba akwatuna da tukunyar gas da kekunan yara. Har an zaɓi launi, ruwan toka, wai ya dace da tayil. Kana kwance a asibiti lokacin, na gaya maka don in ba ka dariya. Ba ka yi dariya ba.

Ka ce, "Ka je taron."

Na ce, "Ba za su ji ba."

Ka ce, "Ban ce za su ji ba. Cewa na yi ka je."

Na je. Rabon da in miƙe a gaban taro in roƙi wani abu har na manta. Na yi musu bayani yadda ka koya mini, na ambaci makara. Shugaban kwamitin, yaro mai ladabi, ya ce, "Baba, Allah ya ba mu tsawon rai, wannan magana ba ta da daɗin ji." Wata ta ce ai akwai lif. Aka ɗaga hannu, aka kayar da ni. Da na koma asibiti na tarar ba ka gane mutane, ban sami gaya maka ba.

A gidan haya ka ƙare rayuwarka, Fensir, kai da ka zana wa mutane gidaje ba iyaka. Ranar jana'izarka makara ta ƙi shiga lungun ɗakinka. A tabarma aka naɗo ka aka fito da kai tsakar gida. Maiɗakinka ta ce mini daga bayan labule, "Shekara da shekaru yana roƙon mai gidan ya bar shi ya buɗa lungun nan, ya hana."

Ranar Litinin da ta wuce kafinta ya zo da tef ɗinsa zai fara awo. Na ɗauki kujerar roba na sauka dandamalin da ke ƙarƙashin gidanmu na zauna a tsakiya. Ya ce, "Baba, ɗan matsa in auna." Na ce ya auna har da ni. Ya yi waya, ya jira, ya tafi. Da na hau, matata ta ce, "Ɗaya ka tsare, Malam. Na ƙasa fa, wa zai zauna a kansu?" Gaskiya ta faɗa. Jiya da na fito da kujerata na ji motsi a ƙasa. Na leƙa, sai ga mutumin hawa na huɗu, wani malamin makaranta mai ritaya wanda ya kama gaban gadon ranar da aka sauko da ita. Ya kawo tasa kujerar da jarida. Mu biyu ne, tsofaffi, kuma an ce katako ya riga ya iso. Na ga abubuwa da yawa a rayuwa, ba zan yi maka ƙaryar cewa za mu yi nasara ba. Amma gobe ma zan sauka.

Ina miƙa ta'aziyyata ga maiɗakinka, wadda ta yi haƙuri da mutumin da ya fi son gaskiyar bango a kan jin daɗin mai bango. Ina yi wa 'ya'yanka da jikokinka da ƙannenka, da birkiloli da leburorin da suka cika sahun sallarka ba wanda ya gayyace su. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya tsaya muku a inda marigayin ya saba tsayawa. Matata ta ce in sa sunanta a cikin masu ta'aziyya, ta ce kuma ita ma a yi mata.

Allah Ya jiƙan ka, abokina. Ya yafe maka kurakuranka, Ya sa ciwon da ka sha ya zama kaffara, Ya haskaka maka inda kake. Ka yi wa mutanen da ba su san ka ba faɗan fili don a sauko da su cikin mutunci. Allah Ya yalwata maka kabarinka, Ya sa mu cika da imani in tamu ta zo.