Karen da Clarrie Ya Harbe

Mijina, Clarrie Dunstan, bai yi nisa a makaranta ba, kuma abin bai taɓa damunsa ba. Tun yana saurayi yake bin tumaki a filayen Balranald, abin da ya iya a duniya shi ne kare. Karnukan kiwo yake kiwatawa, irin da muke kira kelpie, ya horar da su ya sayar. Har daga ƙetaren kogin Murray mutane ke zuwa neman 'ya'yan karyarsa. Ba shi da fara'a, gaisuwa ma a taƙaice yake yin ta, amma da fito ɗaya sai ya juya garke guda daga nesa. Da wannan muka ci abinci, da wannan kuma yake cika baki har kunnena ya gaji.

Da aka fara sa wa 'yan kwikwiyo ƙwayar shaida, sai Clarrie ya mai da abin na dariya. Wata 'yar aba ce kamar ƙwayar shinkafa, likitan dabbobi ya cusa ta da allura a ƙarƙashin fatar wuya, ta zauna nan har mutuwa. In kare ya ɓata, sai a shafa masa na'ura a wuya, lamba ta fito, a gane mai shi.

"Wannan ai na mutanen birni ne," in ji shi, "waɗanda ba sa bambance karensu da kujerar falo. Ni Clarrie, a ce sai na tambayi inji kafin in san nawa?"

Na bar shi da surutunsa. Ranar da ya tafi kasuwar tumaki, na zuba 'ya'yan karyar a kwali na kai su asibitin dabbobi, aka sa musu gaba ɗaya, tunda ba a sayar da kwikwiyo yanzu sai da ita. Ya dawo ya tarar an yi, ya ci abinci fuska a murtuke.

Abin da garin bai sani ba shi ne yanar ido ta fara rufe masa gani. Ni na sani, don ni nake share shayin da yake zubawa gefen kofi. Na yi rarrashi, na yi masifa, ya kafe ba zai je asibiti ba. Tsoronsa a fili yake: ranar da aka sani, za a karɓe lasisin tuƙi da na bindiga, kuma ba wanda zai ƙara sayen kare a hannun mutumin da ba ya ganin kare. Ya roƙe ni in rufa masa asiri, na rufa.

A cikin wannan haihuwar akwai maza biyu masu kama sak, baƙaƙe masu jan gira. Ya riƙe ɗaya ya sa masa suna Tip. Ɗayan kuma ya sayar wa sabuwar maƙwabciyarmu, Rhonda Pavlich, nas ce da ta taso daga birnin Adelaide bayan mijinta ya rasu. Ita ta sa wa nata Koko, tana kwana da shi a ɗaki, tana masa hira kamar mutum. Clarrie ya ce ta lalata jini mai kyau.

Da suka yi ƙarfi, 'yan'uwan suka gano juna ta ƙasan shinge, suka riƙa yawo tare. Lokacin haihuwar tumaki suka ɓace dukansu biyu. Washegari ɗaya ya dawo gidanmu da ƙaya a jiki, Clarrie ya ja shi can bayan rumfar askin tumaki ya ɗaure da sarƙa don ya yi hankali. Ni ba na zuwa wajen, shi yake kai musu abinci. Ya dai riƙa ƙorafi wai Tip ya sangarce, ba ya jin fito, ba ya cin abinci, sai kuka.

Rhonda kuwa ta zagaye gari da hoton Koko. Ta zo bakin ƙofar gonarmu ba sau ɗaya ba, idonta ya kumbura. Clarrie ba ya ko buɗe mata.

"Nawa ya san hanyar gida," ya ce mata. "Naki da kika goya a cinya, sai ki bi shi daji."

Sai muka fara tsintar 'yan raguna a yayyage. A wurinmu ba a doguwar magana a kan wannan. Karen da ka kama yana kashe maka tumaki, harbe shi kake yi, sannan ka ɗauki gawar ka kai ƙofar mai shi, don ya gani da idonsa. Haka uban Clarrie ya yi, haka kakansa. Wata Asabar da sassafe na ji ƙarar bindiga daga wajen rafi. Jim kaɗan ya shigo fuskarsa a ɗaure.

"Lorna, sako takalmi. Za mu kai wa 'yar birni kayanta."

Ba mu ci sa'a ba, ko in ce mun ci irin tamu. Gidan Rhonda cike yake da 'yan ƙungiyarmu ta matan gari, sun zo haɗa kek na bikin makaranta. Clarrie ya yi hon, ya sauko, ya ciccibo gawar daga bayan a-kori-kura ya shimfiɗe a bakin ƙofa. Mata suka fito da fulawa a hannu.

"Ga ɗan gatan naki," ya ce da ƙarfi yadda kowa zai ji. "Shi ke cinye mini raguna. Na faɗa miki kare ba jariri ba ne. In ba ki iya riƙo ba, ki sayi kyanwa."

Rhonda ta durƙusa ta ɗora hannu a kan haƙarƙarin karen. Ya rame, ya yi kaca-kaca da jini da laka. Ta daɗe a haka ba ta yi kuka ba. Can ta ce ba za ta binne shi ba sai an karanta lambar, ta kira Darryl, ma'aikacin ƙaramar hukuma mai kula da dabbobi. Clarrie ya jingina da mota ya harɗe hannu.

Darryl ya zo da 'yar na'urarsa, ya shafa a wuyan gawar, ta yi ƙara. Ya duba wayarsa, ya sake shafawa, ya sake dubawa. Sai ya matso ya rage murya.

"Clarrie, abokina, zo mu ɗan koma gefe."

"Faɗi a nan. Ni ba na ƙus-ƙus."

"To, lambar ta Tip ce. Karenka ne."

Ba wadda ta yi dariya, kuma na fi son da sun yi. Na rasa inda zan kalla sai takalmina. Matan nan na san su tun muna 'yan mata, ga su tsaye suna kallon mijina da tausayi. Rhonda ce ta miƙe a hankali ta yi tambayar da kowa ke haɗiyewa.

"To wane ne ɗaure a gidanka, Clarrie?"

Muka koma gida, motarta na bin tamu, ta Darryl na biye. Ba mu kai rumfar aski ba ta ƙwala kira, sai ga kare yana tsalle yana neman tsinke wuyansa da sarƙa. Ko na'ura ba a buƙata ba. Duk tsawon lokacin da take yawon nema, Koko na bayan rumfarmu yana kuka. Clarrie ya sunkuya zai kwance shi, yatsunsa suka yi ta lalube ba su sami makullin sarƙar ba, ga shi kuwa a gabansa. Rhonda ta tsaya tana kallon hannun, sannan ta kalli ƙwayar idonsa. Nas ce, ba ta buƙatar bayani.

"Tun yaushe?" ta ce.

"An daɗe," ya ce. "Ki yi haƙuri, Rhonda. Na wulaƙanta ki a gaban mutane."

Ba ta ce ta yafe ba, ba ta kuma ce ba ta yafe ba. Ta ce ranar Litinin za ta nema masa ganin likitan ido, in ya ƙi zuwa ita da kanta za ta faɗa inda ya dace. Ta rungumi karenta ta tafi. Clarrie ya ɗauko bindigar daga mota ya miƙa wa Darryl ba tare da an tambaye shi ba, makullin motar kuma ya danƙa mini.

Da yamma ya haƙa rami a gindin itacen da ke bayan gida. Na ce in taya shi, ya ƙi. Na tsaya dai ina riƙe da tsohon bargon da za mu naɗe Tip. Haushi nake ji, kunya nake ji, kuma na shirya maganganun da zan faɗa masa, masu zafi, don ya cancance su. Ya ajiye shebur, ya zauna a bakin ramin ya ɗora kan karen a cinyarsa yana cire masa ƙaya daga kunne.

"Lorna, ba ki tambaye ni yadda na same shi ba, ni da ba na ganin ƙofar shinge."

Na matso kusa da shi da bargon a hannu.

"Bai gudu ba," ya ce. "Da ya ji ƙarar motata sai ya bar tumakin, ya taho wurina a guje."